Yadda na koyi ba kaza magani bayan na yi asarar zakara

Kaji goma sha ɗaya nake da su a bayan ɗaki lokacin da wannan abin ya faru, dukkansu na gida, kuma in aka cire biyu, sauran duk tsatson kaza ɗaya ne, wata wake-wake da Inna, mahaifiyar maigidana, ta ba ni ranar sunan autata shekara uku da suka wuce. Da kuɗin 'ya'yanta na sha biyan kuɗin Islamiyya, da ƙwanta nake haɗa wa yara karin kumallo ranar da babu. Saboda haka da ta kwanta ciwo a tsakiyar hunturun bara, hankalina ya tashi sosai. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, sayen magani daban, shigar maganin cikin kaza daban. Kwana huɗu na yi ina wahalar da ita ina wahalar da kaina, har na rasa wani matashin zakara a tsakani, kafin wata likita da wani dattijo a asibitin dabbobi su nuna mini abin da bai ɗauke su rabin awa ba. Na rubuta abin daki-daki ne don kada wata mai kiwo ta bi hanyar da na bi.

Kuskuren farko daga wajena ya fito. Ranar wata Lahadi na sayo sagara a kasuwa, ga jiki ga gashi yana sheƙi, ina shigowa gida na kwance igiyar ƙafarta na sake ta cikin sauran. Ko kwana ɗaya ban killace ta ba. Ranar Laraba da daddare na fito kashe fitilar tsakar gida, sai na ji atishawa daga akurki, can kuma wani numfashi mai ƙara kamar minshari. Da gari ya waye duk kaji suka fito tsince-tsince, ban da wake-wake, ita da kullum take fara fitowa. Na leƙa na same ta a takure a lungu, gashi a tashe, idonta na dama ya kumbura ya rufe, majina ta bushe a hancinta ta kama dusa, kuma akwai wani wari da ke fitowa daga kanta wanda ban taɓa ji a jikin kaza ba. Matashin zakaran ma yana gefe yana girgiza kai.

Na kira Inna a waya. Ta ce, "Murar hunturu ce. Ki daka barkono ki zuba musu a kasko, ki jiƙa ɓawon maɗaci, in kina da tafarnuwa ki haɗa." Ban raina maganarta ba, don ta fara kiwon kaji tun kafin a haife ni. Alhamis da Juma'a haka na yi. Masu lafiyar suka riƙa kurɓa kaɗan suna barin wurin, marasa lafiyar kuwa ko kallon kaskon ba su yi ba. Wata maƙwabciyata ta ce in sayo ja-da-yalo a kemis in farke in zuba, haka kowa yake yi. Zuciyata ba ta kwanta da ba kaza maganin mutane ba, don haka ranar Asabar da safe na tafi shagon sayar da maganin dabbobi da abincin kaji da ke bakin titi.

Wani saurayi na samu a shagon. Na kwatanta masa abin da na gani, kafin in rufe baki ya ce mura ce, ya miƙo mini wata leda mai garin magani rawaya ta Naira 3,000, da wata ta bitamin ta 1,500. Ya ce in riƙa zuba cokalin shayi ɗaya a ruwan shansu. Na ce masa, "Malam, ai wadda ta fi jin jikin ba ta shan ruwa." Ya ce, "To ki ɗura mata mana, Hajiya." Iyakar bayanin ke nan. Bai ce ga yadda ake yi ba, ni ma ban tambaya ba, don a ganina ɗura ba abin koyo ba ne, mun taso mun ga ana yi wa jarirai. Yanzu na san cewa ɗurar da ma'aikatan asibiti suke hana mu yi wa jarirai, dalili ɗaya ne ya sa take da haɗari ga kaza.

Da tsakar rana ni da babban ɗana, mai shekara goma sha biyu, muka shiga neman kama ta. Kazar da na ɗauka ba ta da sauran ƙarfi sai ga ta tana gudu da ido ɗaya, ta bi bayan randa, ta shige ƙarƙashin itacen girki, ta fito ta haye katangar banɗaki. Kafin mu kama ta mun kusa cin minti ashirin, tana haki baki buɗe, ƙirjinta na bugawa a hannuna. Yaron ya kwantar da ita rigingine ya matse ta da ƙarfi don kada ta kuɓuce, ni kuma na tura cokali a bakinta na juye. Ta fizge kai, ta watsa rabin maganin a zanena, sauran ya bi wuyanta, ta kuma yakushe shi a hannu har jini ya fito. Da yamma muka sake, washegari da safe muka sake. Ban san nawa ne ya shiga cikinta ba, ban kuma san nawa ya kamata ya shiga ba. Abin da na gani kawai shi ne kullum tana ƙara ramewa, tana ƙara gudun mu.

Ranar Lahadi gab da magariba na juya kan zakaran. Shi ya riga ya yi laushi, bai yi gardama ba, sai na ji daɗi ina cewa yau dai magani zai shiga. Na ɗaga kansa sama, na buɗe bakin, na juye cokali guda cur a tsakiyar maƙogwaro. Nan take ya fara tari, ya miƙe wuya, ruwan rawaya yana fitowa ta hancinsa da kumfa. Na ajiye shi ina shafa bayansa ina salati. Kafin maigida ya dawo daga sallar isha'i ya mutu. Na haƙa rami a bayan gida na binne shi, kuma daren nan ban yi barcin kirki ba, don jikina ya ba ni cewa ba ciwon kaɗai ya kashe shi ba.

Da asuba na ce wa maigida zan kai wake-wake asibitin dabbobi. Ya ce kuɗin da zan kashe zai iya kai kuɗin kazar, amma da ya ga yadda abin ya dame ni, ya ba ni kuɗin mota ya ce Allah ya sa a dace. Na sa ta a kwalin taliya, na huda ramuka a gefe, na shimfiɗa tsumma a ciki, na hau Adaidaita Sahu. Na isa asibitin gwamnati da ke kusa da mu wajen ƙarfe takwas da rabi. A wata taga aka yanka mini kati Naira 500, aka rubuta sunana da unguwa da lambar waya, da irin dabbar da shekarunta. Daga nan sai zaman benci. A gabana akwai masu raguna biyu, da mai akuya, da wani yaro riƙe da talo-talo. An ce likita tana ciki da wata tunkiya da haihuwa ta zo mata da gardama. Na yi kusan awa biyu a zaune, ina ta leƙa kwalin ina duba ko tana numfashi. A hanya na yi ta jin nauyin a ce na zo asibiti da kaza guda, amma babu wanda ya yi mini wani kallo. Mai akuyar ma tambayata ya yi me ke damunta, ya ce nasa kajin bakwai suka mutu a hunturun da ya wuce bai san ana kawo su nan ba.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Kafin ta taɓa kazar sai da ta yi mini tambayoyi masu yawa: kaji nawa ne, nawa suka kamu, nawa suka mutu kuma cikin kwana nawa, wane launi kashinsu yake, akwai wadda wuyanta ya murɗe ko take tafiya da baya-baya, na kawo wata baƙuwar kaza kwanan nan, an taɓa yi musu rigakafi, me na ba su. Da na ambaci sagarar kasuwa sai ta gyaɗa kai. Da ta tambayi sunan maganin shago sai na ce rawaya ne. Ta ce, "Hajiya, masu rawaya suna da yawa." Ban zo da ledar ba. Sai da na kira ƙanwata da ke zaune da mu ta karanto mini harafi-harafi a waya, aka gano dangin tetirasaikilin ne, wato ɗan'uwan ja-da-yalon da na ƙi saya. Ta ɗora kazar a sikeli, kilo ɗaya da ɗigo uku. Ta danna ƙarƙashin idon, ta shinshina, ta saurari ƙirji. Ta ce alamun sun fi kama da wata murar kaji da ƙwayar bakteriya ke kawowa, wadda suke kira koraiza, ko da yake tabbatarwa sai an kai ɗakin gwaji. Ta ce in gode wa Allah ba ta ga alamun Niyukasil ba, annobar nan da ke share akurki a hunturu, mai kawo koren kashi da murɗewar wuya, don ita ƙwayar bairos ce, ba ta da magani sai rigakafi. Ta kuma ja mini kunne cewa duk ranar da na ga kaji suna faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, zankonsu ya yi duhu, kada in ɗauko su a motar haya, kada in yanka, in kira asibiti su zo, don murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a Najeriya a Jihar Kaduna a 2006 har yanzu takan dawo, kuma tana iya kama mutum.

Daga nan ne ta yi abin da ya sauya mini komai. Ta kunna fitilar wayarta, ta buɗe bakin kazar, ta ce in matso in duba bayan harshe. Na ga wata 'yar tsaga a tsaye, tana buɗewa tana rufewa da kowane numfashi. Ta ce, "Wannan ita ce ƙofar iska. Duk abin da ya faɗa nan, huhu ya tafi. Hanyar abinci tana bayanta, tana gangarawa ta gefen dama na wuya zuwa jakar abincin da kike taɓawa a gindin wuya in ta ƙoshi." Ƙofar tana nan a tsakiya, daidai wurin da na juye wa zakarana cokali guda. Na gaya mata abin da ya faru, muryata na rawa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ba za ta iya yanke hukunci ba tunda ba ta buɗe shi ba, kuma ciwon ya riga ya raunana shi, amma yadda na kwatanta ya yi kama da shaƙewa, kuma ba ni ce ta farko ba. Ta ƙara da wani abin da ban taɓa ji ba: kaza ba ta da tantanin nan da ke raba ƙirji da ciki kamar mu, da motsin ƙashin ƙirjinta take jan numfashi, don haka wanda ya matse mata ƙirji tamkar ya shaƙe mata wuya ne. Na tuna yadda yarona ya danne ta rigingine, ga hanci a toshe, ga hakin gudu. Allah ne kawai ya yi da sauran kwananta.

Ta yi mata allura ɗaya a tsokar ƙirji, ta rubuta magani, sannan ta kira wani dattijon ma'aikaci ta ce, "Baba, don Allah nuna wa Hajiya riƙo." Baba ya kai ni inuwar wata darbejiya, ya sa na zauna a benci, ya ce in ba shi tsumman da ke cikin kwalin. Ya ce, "'Yata, ba a kama kaza da rana. Ki bari duhu ya yi, idonta ba ya gani sosai da dare, za ki ɗauke ta kamar kin ɗauki ƙwarya." Ya nuna mini yadda zan ɗora hannu biyu a kan fukafukanta in ɗaga, in naɗe ta da tsumma daga kafaɗa zuwa ƙafa, kai kaɗai a waje, naɗin da yatsa biyu za su iya shiga tsakaninsa da ƙirji. A zaune za ta kasance a kan cinyata kamar mai kwanci, bayanta a jikina, damtsena na hagu ya tokare ta. Hannun hagu ya zagayo ta bayan kai, babban yatsa da manuni su kama kusurwar baki ta kowane gefe. In ta ƙi buɗewa, a ja 'yar fatar nan da ke reto a ƙarƙashin baki a hankali, bakin zai buɗe, sai a sa gefen yatsa a tsakani. Kai a miƙe yadda take riƙe shi in tana tsaye, ba a ɗaga shi sama. Ya ɗauko sirinji mara allura ya zuƙo ruwa zalla, ya shigar da bakinsa ta gefe, ya ɗiga ɗigo biyu a cikin leɓen ƙasa, can gaba nesa da tsagar, sannan ya saki kan. Kazar ta motsa baki ta haɗiye da kanta. Ya ce, "Kin gani? Ke zubawa ce taki, haɗiya tata ce. In kika yi mata haɗiyar, kin kashe ta." Sai da ya sa na yi sau biyar a gabansa. A na biyu hannuna ya danna da yawa, ya riƙe mini wuyan hannu ya ce in sa babban yatsa a gefen abin dannawa, kada in ɗora a samansa. Na tambaye shi in ƙwaya ce fa. Ya ce a gutsura ta ƙanana a cusa a 'yar lomar tuwo in tana ci, in ba ta ci a daka a dama da ruwa kaɗan a bi ta wannan hanyar.

A asibitin na biya Naira 1,500 na dubawa da allura. Maganin da aka rubuta babu shi a wurinsu, a wani shago da ke tsallaken titi na saya 3,500, da sirinji biyu 300. Kuɗin mota zuwa da dawowa 1,200. In aka haɗa da kati, Naira 7,000 ke nan, ban da 4,500 da na fara kashewa. Maganar maigida gaskiya ce, ya kai kuɗin kazar. Amma kafin in dawo gida wata kazar ta fara atishawa, kuma maganin nan ɗaya shi ya ishi duka garken. Likita ta rubuta mini a takarda yadda zan dama shi da adadin da zan ba wake-wake safe da dare har kwana biyar, gwargwadon nauyinta. Da gangan ban rubuta adadin a nan ba, don ya danganta da irin maganin da nauyin kazar, kada wata ta ɗauka ta yi amfani da shi a kan wani magani daban. Sauran da ke shan ruwa da kansu, ta ce a zuba musu a ruwa, a mazubin roba, a inuwa, a dama sabo kullum, a kuma toshe duk inda za su sami wani ruwan. Wannan ya sa na rufe bakin kwata da bulo, na hana yara zubar da ruwan wanke-wanke a tsakar gida, don kaza in ta ji ɗaci a kasko, kwata za ta nufa.

Na kifa wa wake-wake babban kwando a zaure, nesa da sauran, inda iskar hunturu ba ta bugawa. Bayan isha'i na ɗauki kujera 'yar tsugunne, ƙanwata ta riƙe fitila tana haska ƙasa. Na ɗaga kwandon na ɗauke ta, ko motsi ba ta yi ba. Na naɗe ta da wani tsohon zane. Kafin magani sai da na jiƙa auduga da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri na goge idon, na jiƙa busasshiyar majinar hancin har ta fita, kamar yadda likita ta ce, domin kazar da hancinta ya toshe da baki take numfashi, ƙofar iskar a buɗe take kullum, ɗigo ɗaya na iya faɗawa. Hannuna yana rawa, hoton zakaran yana dawo mini. Na yi bisimilla na ɗiga biyu na saki. Ta haɗiye. Abin da bai cika cokalin shayi ba ya ɗauke ni kusan minti goma, amma duka ya shiga, ko ɗigo bai zuba a zane ba. Da na mayar da ita ƙarƙashin kwando sai na ji hawaye na zubo mini.

Kwana na biyu ya fi wuya. Ta gane zanen, da ta gan shi sai ta datse baki ta cusa kai ciki. Na gwada jan fatar ƙarƙashin baki ta fizge. A nan na gano wata dabara da kaina: in na ɗiga maganin a gefen bakin yana rufe, daidai inda na sama da na ƙasa suka haɗu, sai ya silale ciki, ita kuma dole ta motsa baki ta haɗiye. Ya fi cin lokaci, amma babu kokawa. Sau ɗaya na yi gaggawa don an kira sallar asuba yara za su tashi, ta yi tari ta girgiza kai. Na tsaya cak, na sassauta zanen, na ɗan karkata ta gaba kanta ya yi ƙasa, na jira har numfashinta ya daidaita, sai bayan na idar da salla na ƙarasa. Abinci kuwa, dusa na riƙa damawa da ruwan ɗumi in haɗa da gwaiduwar dafaffen ƙwai, in kai mata ta gefen idon da ke gani. Ruwa kuma in tsoma bakinta a ciki in saki. Bayan kowane zama nakan wanke hannu da sabulu, in wanke sirinjin da ruwan zafi, kuma sai na gama da masu lafiya nake zuwa wurinta. Autata ta yi ta kuka tana son taɓa kazarta, na hana.

Ranar ta uku idon ya fara buɗewa, warin ya ragu, ta ci abinci da kanta. Ƙarfi ya dawo mata har ta fitar da ƙafa ɗaya daga zane ta yakushe ni, kuma ban taɓa jin daɗin yakushi irin na ranar ba. Inna da ta zo dubiya ta ce, "Ai ta warke, ki bar wahalar da baiwar Allah." Na ce, "Inna, likita ta ce in an tsaya a rabi ciwon yakan dawo, kuma ba zai ƙara jin maganin ba." Ta ce to in cika. Na cika kwana biyar ɗin, sau goma, ban tsallake ko ɗaya ba.

Litinin ta gaba na koma da ita da katina. Ba a karɓi komai ba, jira ma bai wuce rabin awa ba. Likita ta ce ta samu sauƙi, amma ta gaya mini abu biyu da ba su yi mini daɗi ba. Na farko, kada a ci ƙwai ko naman duk kazar da ta sha maganin sai an cika kwanakin da aka rubuta a jikin ledar, don ragowarsa na nan a jikinsu, kuma akwai magungunan da ba a yarda a ba kaza mai yin ƙwan ci ba sam, shi ya sa ake gaya wa likita tun farko ko kazar tana ƙwai. Ƙwai tara na binne a waɗannan kwanakin, ina ji ina gani. Na biyu, kazar da ta warke daga irin wannan murar takan ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar ko da ba ta nuna alama, ta yiwu ma haka sagarar kasuwa ta shigo mini da ita tana sheƙi. Don haka duk sabuwar kazar da zan kawo ko 'yan tsakin da za a ƙyanƙyashe, sai na sa ido.

In da zan koma ranar Alhamis ɗin farko, abin da zan fara yi shi ne raba mara lafiya da sauran tun da safe, in kifa mata kwando, wanda shi kaɗai ya kawar da guje-gujen da ya kusa kashe ta. Ba zan ɓata kwana biyu ina zuba abu a kaskon da ba ta sha ba, don magani a ruwa na mai shan ruwa ne. Zan tafi asibiti da kazar kanta, da ledar duk abin da na ba ta, da hoton kashinta a waya, kuma zan isa kafin ƙarfe takwas. Abin da ya fi duka, duk wanda ya ce mini in ɗura, zan ce ya kama kazar ya nuna mini da hannunsa, in bai iya ba in nemi wanda ya iya. Cokali kuwa ya fita daga harkar kajina, sirinjin Naira 150 ya maye gurbinsa. Baƙuwar kaza kuma sai ta yi sati biyu zuwa uku a keɓe kafin ta ga akurkina, ko daga gidan 'yar'uwata ta fito.

Bayan wata ɗaya, da kowa ya miƙe, likita ta ce lokacin rigakafin Niyukasil ya yi, don ba a yi wa kaza mara lafiya. Ta yi mini bayani cewa ba zai kare su daga murar da suka yi ba, annobar da ta fi ta muni zai tare. Akwai wanda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take yi, mai ɗan jure zafi, ana ɗiga ɗigo ɗaya a ido. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajina, kuma in an haɗa ta ba ta daɗewa, sai na yi wa maƙwabta magana muka haɗa kuɗi gida biyar. Bayan magariba muka bi gida-gida da fitila, ni ke riƙo da zanen nan, ƙanwata na ɗigawa. Wake-wake idonta na dama ya ɗan ƙanƙance har yau, amma tana gani da shi, kuma ta koma ƙwai kafin azumi. An ce a maimaita rigakafin bayan wata huɗu, na rubuta ranar da gawayi a bangon kicin, kusa da ƙusar da na rataye zanen da sirinjin.